Samarin Tarmasa da Ƙofofin Ruwa Bakwai

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya kafa duwatsu ya kwantar da tafkuna, ya yi wa ruwa iyaka ya hana shi ƙetarewa sai da izininsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ku matso kusa masu sauraro, babba ya gyara zama, yaro ya kama bakinsa. Ni ne Korau ɗan Nomau, mutumin Kwarin Dargaza. Abin da zan faɗa muku idona ne ya gani, ƙafata ta taka, hannuna ya taɓa, kuma hannun nan bai dawo gida cikakke ba.

Garinmu gari ne da ruwa ya raina. Da damina ya cinye mana gonaki, da rani mu nemi na sha mu rasa. Na shekara goma sha biyu ina koyar da yara lissafi a can, sai wani falke ya ba ni labarin wani birni can yamma mai nisa, wai shi Tarmasa, inda mutane suka ɗaure tafki da ganuwa, suna sakin ruwa da awo kamar yadda mace ke auna hatsi. Na ce lallai sai na je na koyo. Na ɗaure jakina, na yi sallama da dangi, na kama hanya.

Wata goma sha huɗu na yi ina tafiya. Na ƙetare Hamadar Kanwa, inda ƙasa ke cin takalmi har ta kai ga tafin ƙafa. Na ratsa wani daji da itatuwansa ke zubar da ganye da zarar sun ji takun mutum. Amma duk waɗannan wasa ne in aka kwatanta da Kwazazzabon Zuma, hanya ɗaya tak da ake bi a shiga ƙasar Tarmasa. Ƙudan zuman wurin kowanne ya kai girman kurciya, saƙarsu kuwa ta rufe duwatsun hagu da dama, har hasken rana ba ya isa ƙasa sai ja-ja. A bakin kwazazzabon na tarar da ƙasusuwan mutum uku, fes, kamar an wanke. Kusa da ɗaya akwai kurtun tawada a kife.

Na zauna na yi tunani. Na tara busasshen kashin jaki da tsummokara a cikin tukunyar girkina, na ƙyasta wuta, na danne ta da ɗanyen ganye har hayaƙi ya turnuƙe. Na ɗora tukunyar a ka bisa gammo, na lulluɓe jikina da bargo, na shiga ina tafiya a hankali, ba gudu ba tari. Ƙudan zuman suna ta shawagi a kaina, ƙugin fikafikansu na kaɗa mini haƙora, amma ba su sauko ba. Jakina ne ya firgita ya fizge, ya fita daga cikin hayaƙin. Kuka ɗaya ya yi. Ban waiwaya ba.

Da na fito, sai na ga abin da ya mantar da ni jakin. Ganuwa ce ta baƙin dutse, ta haɗa tsauni da tsauni, tsayinta sai mutum ya ɗaga kai hularsa ta faɗi. Birnin yana kwance a gindinta kamar 'yan tsaki a gindin rumbu, kogi ya fito daga ƙarƙashinta ya raba garin biyu. Abu biyu na lura da su tun ban shiga ba. Babu tsuntsu ko ɗaya da ke sauka a kan ganuwar. Sannan ƙasa tana wani gurnani a ƙarƙashin ƙafa, can ciki, ba ya yankewa. Mutanen garin sun saba da shi, ba sa ji.

Masu tsaron ƙofa suka tambaye ni sana'ata. Da na ce malamin lissafi ne, sai suka dubi juna, ɗaya ya ce, "Allah sarki." Suka kai ni gaban Magajin Gari Shekarau, wanda ke riƙe da birnin. Dogon mutum ne mai furfura, idonsa ya faɗa kamar wanda ya daɗe bai ji daɗin abinci ba.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ilimin awon ruwa na zo nema."

Ya ce, "Mutum ɗaya ne ya san shi, Baba Anaruwa, mai tsaron ƙofofin ruwa. Yana cikin Ganuwa, ba ya fitowa, abincinsa ma da igiya ake ja masa a kwando. Ba mai shiga wurinsa sai magajinsa, wato yaron da ya zo na ɗaya a jarrabawar makarantarmu. To, shekara biyu ke nan babu yaron da ya ci ko rabin tambayoyin. Samari ne goma sha biyu, 'yan shekara sha huɗu zuwa sha biyar. Da, Malam, in ka ji suna lissafi sai ka rantse aljanu ne. Yanzu kuwa kamar an kwashe musu ƙwaƙwalwa da ludayi. Mun yi duka. Mun yi horon yunwa. Mun yi alkawarin doki da sirdi. Ɗana Gagare yana cikinsu, shi ma ya fi kowa lalacewa."

Sannan ya ce, "Saura kwana arba'in jarrabawa. In yaro ɗaya ya ci, zan roƙi Baba Anaruwa ya aiko maka da ilimin a rubuce. In ba haka ba, ka koma ta hanyar da ka zo, ba wuta ba hayaƙi, kamar malamai ukun da suka riga ka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na ce ba na so fa?"

Ya ce, "Da wanda ya ƙi da wanda ya kasa, hanyarsu ɗaya."

Makarantar wani babban soro ne a unguwar ƙasa, daf da bakin kogi. Samarin suka gaishe ni da ladabi, suka zauna da allunansu na dutse, suka zuba mini ido kamar itatuwa. Kwana goma na yi ina fama. Na yi lallashi, na yi tsawa, na ba su labarin ƙasashen da na ratsa. Na faɗa musu cewa ilimi ne zai sa a girmama su. Ba wanda ya ko gyara zama. In na ba da aiki, su duƙufa su rubuta, su miƙo mini amsa goma sha biyu, duk kuskure.

Rana ta goma sha ɗaya, bayan sun tashi, na jera allunan a ƙasa ina dubawa, raina a ɓace. Sai idona ya tsaya a kan allon Gagare. Tambaya ta farko amsarta ɗari biyu da shida, ya rubuta ɗari biyu da bakwai. Ta biyu tamanin da huɗu, ya rubuta tamanin da biyar. Haka har ƙasa, ɗaya yake ƙarawa. Na ce a raina, wanda bai san amsa ba ba zai riƙa kauce mata da taki ɗaya daidai ba kullum.

Washegari na ɗana musu tarko. Na rubuta lissafin wata rijiya a jikin bango, na yi kuskure da gangan tun a layi na biyu, na ci gaba da gini a kansa ina taƙama, ina cewa ai irin wannan sai manyan malamai. Akwai wani ɗan ƙarami a cikinsu mai yatsa shida, Cindo. Na ga yana mutsu-mutsu, yana cizon leɓe, yana murza yatsun ƙafa a ƙasa. Da na kai layi na tara sai ya fashe.

"Malam, ba haka ba ne! Tun can sama ka manta ka raba da uku!"

Sauran goma sha ɗaya suka juya gaba ɗaya suka dube shi, ya rufe baki da hannu biyu. Da safe ya zo da leɓe a kumbure, ya ce faɗuwa ya yi.

Ran nan da la'asar na bi Gagare zuwa bakin kogi, inda ruwa ke fitowa daga gindin Ganuwa. Yana zaune shi kaɗai yana jifan ruwa da tsakuwa. Saurayi ne dogo kamar ubansa, murya ta fara buɗewa. Na zauna nesa kaɗan da shi.

Ya ce, "Malam, in duka ne ka yi ka gama."

Na ce, "Ban zo da bulala ba. Tambaya ɗaya ce da ni. Me ya sa ɗaya kake ƙarawa, ba biyu ba?"

Tsakuwar da ke hannunsa ta faɗi. Ya dubi ruwa ya ce, "Ka san inda na ɗaya ke zuwa?"

"Cikin Ganuwa."

"Yayana Barmo ya zo na ɗaya shekara biyu da suka wuce. Aka yi masa kiɗa, aka raka shi har ƙofa. Bayan wata biyar, nan wurin da kake zaune, hularsa ta fito. Shi kansa sai bayan kwana uku. Baba Anaruwa ya aiko da magana ɗaya a cikin kwandon abinci, wai Ganuwa ta karɓe shi, a aiko da wani. Babanmu ko hawaye bai yi ba. Ana gama sadakar uku ya kira ni ya ce in dage da karatu." Ya share hanci da bayan hannu. "Sai muka haɗu mu goma sha biyu muka rantse ba wanda zai ƙara cin jarrabawa. Gara a kira mu dakikai muna raye."

Na ce, "Kun taɓa faɗa wa iyayenku?"

"Wa ya tambaye mu? Kowa da bulalarsa yake zuwa."

"Malamai ukun nan fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba mu san haka za a yi musu ba, sai da aka fitar da na farko. Daga nan kuma tsoro ya hana mu magana."

Na ce, "Ka san abin da ya kashe Barmo?"

"Ganuwa."

"Dutse ba ya miƙo hannu ya kama mutum, Gagare. Akwai yadda aka yi, kuma akwai wanda ya gani. Gobe da safe zan shiga in tambaye shi."

Ya zaro ido. "An hana!"

Na ce, "Mutumin da zuma ke jira, me kuma za a tsorata shi da shi?"

Da hantsi na isa ƙofar Ganuwa. Ba mai gadinta, tsoro ya isar. Sai na tarar da samari shida a tsaye, kowa da fitilar mai a hannu, Gagare a gaba, Cindo a ƙarshe.

Gagare ya ce, "Ba don karatu muka zo ba, Malam. So nake in ga wurin."

Na ce, "Ni ma ban ce ku zo da allo ba."

Muka shiga mu bakwai. Matakala ce ta dutse mai santsi, tana murɗawa sama cikin duhu. Kwaɗi farare marasa ido, kowanne kamar kyanwa, suna tsugune a gefe, ba su ko motsa mana ba. Gurnanin nan da ake ji a gari, a nan ya zama ruri, har ƙirji yake bugawa. Wajen mataki na ɗari uku Cindo ya ce, "Malam, dubi." Ya ɗaga fitila. Tsaga ce a jikin bango, daga sama har inda haske ya ƙare, ruwa na tsartuwa daga cikinta siriri kamar zare. Ya sa yatsa, yatsan ya shige.

A sama muka fito wani dogon zaure, tsawonsa ya kai jifa biyu. A jere a cikinsa akwai manyan kambuna bakwai na ƙarfe, kowanne da mariƙi, waɗanda ake murɗawa a ɗaga ƙofofin ruwa. Biyar sun yi tsatsa. Gefe guda babu bango, sai rami, ruwa na tafasa a can ƙasa. Wani tsoho ƙashi da fata ya taso daga kan tabarma yana lalube.

"Wane ne? Takun mutum bakwai nake ji. An aiko da magaji ne?"

Yana magana yana fuskantar inda ba kowa. Idanunsa fari fat.

Gagare ya matsa ya ce, "Baba, ni ne ƙanen Barmo. Yaya aka yi ya mutu?"

Tsohon ya nemi bango ya jingina, ya sulale ya zauna. Ya ce, "Jikana, shekara biyar ke nan ban ga hasken rana ba. Na ɓoye, don kada a ce na ƙare. Ƙofofin nan bakwai ne, mutum bakwai magina suka yi wa aikin. Wani Magajin Gari na da can ne ya mai da shi mutum ɗaya, wai kada sirri ya bazu. Sa'ad da nake da ƙarfi na iya. Da Barmo ya zo, shi ne idona, shi ne ƙafata. Ranar wani babban ruwa yana gudu daga ƙofa zuwa ƙofa shi kaɗai, mariƙin ta huɗu ya ƙwace ya doke shi, ya faɗa ramin can. Na ji faɗuwarsa. Da akwai mutum ɗaya a gefensa da zai kama masa mariƙin, da yana nan. Kunya ta hana ni faɗi, na ɗora wa Ganuwa."

Gagare ya je bakin ramin ya tsaya. Na bi shi na riƙe gefen rigarsa.

Tsohon ya ce, "Tun ranar ƙofa biyu kawai nake iya buɗewa, da lalube. Don Allah wani ya hau ya duba mini ginshiƙin awo. Jikina yana ba ni hadari."

Muka hau wata gajeriyar matakala muka fito kan Ganuwa. Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Baƙi wuluk, ba a hango gaɓarsa, ya shanye jan zanen da ke jikin ginshiƙin, saura taƙi biyu ya kai baki. Daga gabas kuwa hadari ya haɗo, ya riga ya fara zuba a kan tsaunuka. Da muka sauko muka faɗa masa, sai ya dafe kai.

Ya ce, "Kafin la'asar ruwan tsaunuka zai iso. Dole a buɗe duka bakwai, kowace da adadin murɗinta. In an rage, Ganuwa ta fashe. In an ƙara, kogi ya ci gari. Kowace ƙofa da lissafinta, kuma dogo ne. Mutum ɗaya ba zai gama bakwai ba kafin lokaci."

Na dubi samarin. Na ce, "Mu bakwai ne. Kowa ya ɗauki ɗaya."

Muka samo gawayi daga murhun tsohon, kowa ya durƙusa gaban kambunsa. Baba Anaruwa yana bin mu da sanda yana faɗin faɗi da zurfin kowace ƙofa da ƙa'idar aikin. Gagare da kansa ya zaɓi ta huɗu, wadda ta fi girma. Ni ina ta biyar, kusa da shi. Ba a jin komai sai rurin ruwa da ƙarar gawayi a kan dutse. Cindo ne ya fara gamawa, ya ɗaga murya ya ce, "Murɗi goma sha ɗaya!" Sauran suka biyo baya da ƙyar, suna gogewa suna sakewa.

Na kai rabin nawa sai na ji ana kirana ƙasa-ƙasa. Gagare ne. Gumi ya jiƙe shi.

"Malam, ya gudu."

"Me ya gudu?"

"Rabawar nan mai tsawo. Da ina yinta ido rufe. Wallahi yanzu ba da gangan nake yi ba, Malam. Na nema na rasa."

Shekara biyu yana wasa da ƙananan tambayoyi yana kauce musu, bai san manyan sun zube a hanya ba. Na so in ajiye nawa in kama masa, amma iska ta riga ta fara shigowa da feshin ruwa daga sama. Na ce, "Fara daga abin da ka tuna. Yi a hankali. Ba ni da wani mutum da zan sa a wurin nan sai kai."

Ya duƙa. Da na gama nawa, shi ma ya ɗago ya ce, "Goma sha tara." Ba lokacin dubawa. Ruwa ya fara gangarowa ta matakalar sama.

Baba Anaruwa ya lalubi wata tsohuwar ganga ta tagulla da ke rataye, ya shiga duka da iyakar ƙarfinsa don mutanen unguwar ƙasa su gudu tudu. Mu kuwa muka kama mariƙai. Tsatsa ta riƙe su, sai da muka zuba musu man fitilunmu suka motsa. Muna murɗawa muna ƙirga da ƙarfi, zauren na girgiza. Na cika nawa, na juya, sai na ga mariƙin ta huɗu yana tirjewa a hannun Gagare, ƙafafunsa na zamewa zuwa bakin rami. Na yi tsalle na cafke ƙarfen. Ya fizge mu mu biyu, ya matse hannuna na hagu da jikin kambun. Na ji ƙarar ƙashi. Cindo da wani suka rugo suka danne, mu huɗu muka mai da shi, muka cika goma sha tara. Yatsuna biyu suna can.

Kafin magariba ruwan tafkin ya tsaya, sannan ya fara ja da baya. Ganuwa ba ta fashe ba. Amma da muka leƙa gari daga sama, sai muka ga kogi ya haura gaɓa ya shiga unguwar ƙasa. Ya tafi da rumbuna arba'in. Ya rushe soron makaranta. Wani tsohon marini, Malam Jatau, ya koma don ya kwance awakinsa, ba a ƙara ganinsa ba.

Kwana uku ina kwance da zazzaɓin hannu. A kwana ukun nan, aka ce mini, Gagare bai fita daga zauren gidansu ba, yana duƙe da gawayi. Rana ta huɗu Magajin Gari ya tara dattawa don a yanke mini hukuncin keta doka. Kafin a fara, sai yaron ya shigo ya durƙusa gaban ubansa.

Ya ce, "Baba, goma sha shida ne. Na sake yi sau biyar. Murɗi uku na ƙara. Ni na kashe Malam Jatau."

Daga nan ya faɗi komai, rantsuwarsu, da makantar Baba Anaruwa, da yadda Barmo ya faɗi. Dattawa suka yi tsuru-tsuru. Magajin Gari ya dubi ɗansa. Can sai ya ce, "Shekara biyu kana cikin gidana da wannan a cikinka?"

"Ba ka tambaye ni ba, Baba."

Mutumin nan ya sauko daga kan shimfiɗarsa ya zauna a ƙasa gaban ɗansa. Ya ce, "Murɗi ukun nan nawa ne, ba naka ba. Da malamai uku. Da Barmo." Da ya ambaci sunan sai muryarsa ta karye, ya yi kukan da bai yi ba shekara biyu, a gaban jama'a, rawaninsa na warwarewa.

A ranar aka soke dokar magaji ɗaya, ni kuma aka yafe mini. Aka ce daga yau mutum goma sha huɗu ne za su riƙa aikin, biyu a kowace ƙofa, su kwana a gidajensu. Aka sauko da Baba Anaruwa a kan makara ta kara, da ransa, aka zaunar da shi a inuwa yana koyarwa da baki. Aka aika da mutane da tukwanen hayaƙi suka kwaso ƙasusuwan malaman nan aka yi musu sutura.

Makaranta ta koma gindin wata tsamiya. Ban ƙara ɗaga murya ba. Shekarar an sha yunwa saboda rumbunan, samarin suna zuwa da ciki wayam, amma kafin in iso sun riga ni. Ba a rana ɗaya iliminsu ya dawo ba. A jarrabawar farko mutum huɗu kawai suka ci, Gagare ba ya cikinsu. Ya karɓi allonsa ya duba, ya ce, "Malam, nuna mini inda na ɓata." A ta biyu suka ci su duka.

Su ne da kansu suka ce sai sun auna tsagar nan ta cikin matakala. Kowane wata suna shiga da zare da tsinke, Cindo yana rubutawa. Da shekara ta zagayo suka zo suka same ni, fuskokinsu ba walwala.

Gagare ya ce, "Malam, duba mana wannan. Mun yi mu goma sha biyu, kowa daban, amsa ɗaya muke samu."

Na duba. Na sake dubawa har sau uku, ina fatan in sami kuskure, ban samu ba. In tsagar ta ci gaba da buɗewa yadda take yi, shekara goma sha ɗaya suka rage wa Ganuwa.

Na ce, "To, me kuka gani?"

Cindo ya ce, "Akwai wani kwari bayan tsaunin arewa. In aka haƙa hanya aka karkatar da rabin tafkin can, nauyin zai ragu. Mun lissafa, aikin shekara tara ne, in kowa ya fito."

"In kuma dutsen ya fi yadda kuke zato tauri fa?"

Gagare ya ce, "Shi ya sa muke so ka ƙara mana darasi da yamma."

Na ƙara shekara guda tare da su, har na ga an sara dutsen farko. Sannan na ɗauki abin da na koya na komo gida, don mu ma muna da namu ruwan da ke jira. Sun raka ni har ƙarshen Kwazazzabon Zuma, kowa da tukunyar hayaƙi a ka, suka juya da sauri saboda aiki.

Tun daga ranar da suka kawo mini lissafin nan, bana shekara ta goma ke nan. Duk falken da ya fito daga yamma sai na tare shi na tambaye shi labarin Tarmasa. Har yau ban sami wanda ya kai can ba.

Iyakar abin da na gani ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Wanda ya ji, in ya yi salla, ya sa samarin nan a addu'a.